Ƙayar Lemo

Furen banila ba ya kai azahar.
Da asuba yake buɗe baki, rana na take tsaka ya yi shiru,
shi ya sa nake fita da raɓa a ƙafa
da ƙayar lemo tsakanin yatsu,
in ɗaga ɗan leɓensa, in haɗa miji da mata,
in danna da babban yatsa, in wuce.
Fure dubu kafin hantsi ya dubi ludayi.
A tuddan Andapa babu ƙudan zuman da ya iya wannan aiki.
Ni ce ƙudan. Sunana Soazara.

Shekarar da kuɗi ya zo, bai yi sallama ba.
Wani mutum ya hawo daga Sambava da sikeli da waya,
ya saurari wata murya daga ƙetaren teku,
ya faɗi farashin da ya sa surukata neman wurin zama.
Kilo biyu, sa guda.
Muka yaye rufin ganye, muka buga kwano.
Katifu suka yi ta hawo tudu a kawunan samari.
Tombozafy, mijina, ya sayo lasifika mai tsayin ɗanmu,
da farantin sola,
da babur, a garin da hanya ke narkewa in ruwa ya sauka.
Na ga wanda ya wanke hannu da lemon kwalba
don dai a gani.

Fadamar shinkafa kuwa, ciyawa ta gaje ta.
Wa zai sunkuya cikin taɓo
alhali buhu na sauka daga jirgin ruwa
da rubutun da ba mu iya karantawa?

Daga nan barci ya ƙaura daga garin.
Tombozafy ya koma kwana a gona, adda a ƙirji.
Muka riƙa huda shaidarmu da allura a jikin kowane ƙwanso
kamar masu yi wa jinjiri tsaga.
Daren da aka kama ɓarawo a gonar Jaovelo,
ana haska fitila sai ga ɗan ƙanwarsa.
Ba zan faɗi abin da aka yi ba.
Uwar yaron har yau ba ta ɗiban ruwa inda muke ɗiba.

Bana mai sikeli ya dawo.
Wayar tana nan, muryar ce ta sake.
Wai ɗakunan ajiyarsu sun cika,
wai akwai injin da ke yin ƙanshin
ba fure, ba ƙaya, ba sammako.
Kilon da ya sayi rabin sa, yau kaza ma sai da ciko.
Na ce, ba ni mai muryar, in ji daga bakinsa.
Ya yi dariya. Shi ma, in ji shi,
bai taɓa ganinsa ba.

Velonjara, 'yata, tana Antananarivo
tana ɗinka wuyan riguna ga mutanen da sanyi ke damu.
Wuyan kawai. Hannu na wata ne, maɓalli na wata.
Ranar Lahadi ta kira:
"Na sha askirim, Neny, da ladan rabin yini.
Ƙanshin bargonmu yake yi,
wanda kike naɗe banila in ta sha rana."
Na tambaye ta ko da daɗi.
Ta ce da daɗi, sai katinta ya ƙare.

Yanzu kaza ke kwanci a cikin lasifikar.
Tombozafy ya koma fadama, bayansa ya manta sunkuyo,
yana nishi yana zagin ciyawa da sunan kakanta.
Irin shinkafa ma aro muka yi
wurin tsohuwar da muka yi wa dariya da ta ƙi sayar da nata.

An ce farashi zai tashi baɗi. An ce ba zai tashi ba.
Na leƙa gona da yamma, toho ya kumbura a layin rafi,
kamar ɗari uku, in ban yi kuskuren ƙirge ba.
Ƙayata ta dushe.
Bari in je gindin lemo kafin duhu.